Ciwon da ke cinye kunya kafin ya kai ga mantuwa

Mijin goggona mai sayar da yadi ne, kuma duk wanda ya san shi a da ya san shi da kawaici. Bai taɓa cin abinci a gaban surukansa ba, ko ruwa ba ya sha a bakin titi. Idan yaron shago ya yi masa ɓarna, sai an tashi kasuwa zai ja shi gefe su yi magana su biyu. Yana da shekara 53 aka yi masa rasuwar ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar sadakar uku ana zaune a ƙofar gida kan tabarmi, liman bai gama addu'a ba Alhaji ya miƙa hannu ya jawo kwanon wainar da aka ajiye wa baƙi, ya dinga cusawa bibbiyu har ya ga bayanta. Da ya gama sai ya dubi babban ɗan mamacin, ya ce masa da ƙarfi, kowa na ji, kada ya manta akwai kuɗin shadda yadi goma a kan ubansa. Ya miƙe ya kaɗe riga ya yi tafiyarsa.

Abin da ya hana kowa tunanin rashin lafiya shi ne Alhaji bai manta komai ba. Bashin da ya ambata gaskiya ne, yadi goma ne cif. Yana tuƙa motarsa zuwa kasuwa ya dawo, yana ƙirga kuɗi, ya san sunan kowane jika. Don haka aka shiga neman dalili a inda aka saba nema. Wasu suka ce arziki ne ya hau masa kai. 'Yan ɗakinsu suka ce amarya ce ta shanye shi. Abokan kasuwa suka ce sammu ne. Goggo kuwa magana ɗaya take maimaita mini: "Ɗan nan, an canza mini Alhaji. Ko zazzaɓi nake yi sai ya tsallake ni ya wuce, sannu ba ta haɗa mu ba." An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi. An kai shi wani asibiti aka ce ciwon damuwa ne, an koma wani aka yi masa allurar da ta sandarar masa da wuya har yawu na zuba. Sai da aka shekara huɗu, jari ya karye, amarya ta fita da saki, kafin wani likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa ya faɗi sunan abin.

Likitoci na kiran ciwon da haruffa uku, FTD, taƙaicen wani dogon suna da ke nufin lalacewar ƙwaƙwalwa ta ɓangaren goshi da ta gefen kai, saitin kunnuwa. Dangin cutar mantuwa ne, wadda muka fi sani da gigin tsufa, amma ya saɓa mata ta fuska biyu, kuma a nan ake ɓata. Na farko, ba ya jiran tsufa: galibi tsakanin shekara 45 zuwa 65 yake farawa, lokacin da mutum ke tsakiyar ɗaukar nauyin gida. Wani bincike da aka yi a yankin Cambridge na Ingila a 2002 ya gano mutum 15 cikin kowane 100,000 na 'yan shekara 45 zuwa 64 suna da shi, daidai da adadin masu cutar Alzheimer, wato cutar mantuwar da aka fi sani, a wannan tsarar. Na biyu, ba da mantuwa yake sallama ba. Cutar Alzheimer takan fara cin wurin da ƙwaƙwalwa ke ajiye sababbin abubuwa, shi ya sa tsoho zai tambaye ka sau biyar ko an yi la'asar. Shi wannan ta wurin linzami yake farawa.

Ɓangaren goshi shi ne linzamin mutum. Zuciya takan raya wa kowa abubuwa iri-iri a wuni guda: ka ɗauki wancan, ka faɗa wa wane gaskiyarsa, ka bi waccan da kallo. Abin da ke cewa "kul, ba a nan ba, ba yanzu ba" a bayan goshi yake zaune. A nan ake tsara aiki daki-daki, a nan ake auna ƙarshen abu kafin a yi shi, kuma a nan ake karanta fuskar ɗan'uwa a gane ransa ya ɓaci. Duk abin da Bahaushe ke kira kunya da kara da kawaici da sanin ya kamata, da wannan tsoka ake yin sa. Likitoci sun fara fahimtar haka tun 1848, lokacin da wani shugaban leburorin shimfiɗa layin dogo a jihar Vermont ta Amurka, Phineas Gage, ɗan shekara 25, nakiya ta tashi da wani ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya ya shiga ta kumatunsa ya fita ta ƙoƙon kansa. Bai mutu ba, yana magana, yana tafiya, amma likitansa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai ashar da rashin haƙuri. Abin da ƙarfe ya yi wa Gage cikin ƙiftawar ido, shi wannan ciwo ke yi a hankali cikin shekaru.

Wanda ya fara bayyana ciwon likita ne a birnin Prague, Arnold Pick, a 1892. Ya ba da labarin wani dattijo ɗan shekara 71 da magana ta dinga kuɓuce masa, bayan mutuwarsa aka buɗe kai aka tarar gefen hagu na ƙwaƙwalwar ya motse fiye da ko'ina. A 1911 Alois Alzheimer, shi dai wanda ɗaya cutar ta ci sunansa, ya duba irin wannan ƙwaƙwalwa da madubin likita ya ga wasu dunƙule-dunƙule a cikin ƙwayoyinta. Yau an san furotin ne da jiki ke amfani da shi yake cuɗewa ya taru ya kashe ƙwayar. A wasu marasa lafiya furotin ɗin da ake kira tau ne, a kusan rabinsu kuma TDP-43 ne, wanda masana a Jami'ar Pennsylvania suka gano hannunsa a ciwon a 2006.

Fuskar da ciwon zai fito da ita ta danganta da inda ya fara ci. Wadda ta fi yawa ita ce ta sauyin hali, irin ta Alhaji. A 2011 ƙwararru daga ƙasashe da dama suka amince da alamomi shida da za a duba, idan uku sun haɗu kuma abin na ta ƙaruwa sai a fara zargin ciwon. Akwai zubar da kunya. Akwai mutuwar zuciya, mutum ya wuni zaune ba ya sha'awar komai, wanka ma sai an yi da gaske. Akwai gushewar tausayi. Akwai nacewa kan abu ɗaya, kamar tafa hannu ko ƙirga tayil ko fita yawo a hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum. Akwai sauyin ci, musamman kwaɗayin zaƙi da ci ba ƙoshi, wani har ya kai ga sa abin da ba abinci ba a baki. Ta shida sai an gwada ake ganinta: kasa tsara abu da yanke shawara, alhali tuna abubuwa da gane hanya suna nan da sauransu.

Akwai wani abu a nan da nake ganin ya kamata likitocinmu su riƙe. A Turai da Amurka aka tsara waɗannan ma'aunai, alhali zubar da kunya ba kala ɗaya gare ta ba a duniya. Matar da ta shekara talatin ba ta kama sunan ɗanta na fari ba, rana tsaka ta fara ƙwala masa kira da sunan yanka a tsakar gida, ko ta ambaci sunan mijinta gatsau a gaban baƙi, ba ta yi komai ba a idon likitan Landan. A gidan Bahaushe kuwa babbar alama ce. Haka dattijon da ya fara fitsari a tsaye a bakin masallaci, ko ya faɗa ɗakin surukarsa ba sallama, ko ya sayi rake yana sha a kasuwa da tsakar azumi ko a jikinsa. Tambayar da za a yi ita ce: wannan mutumin, da tarbiyyarsa da shekarunsa, da can zai yi haka? Wani lokacin ma sauyin ta hanyar da ake yabo yake zuwa. Idan ciwon ya fara ta gefen dama, wasu kan tsunduma cikin ibada fiye da kima, suna maimaita abu ɗaya ba ƙaƙƙautawa, a lokaci guda kuma sun daina gane fuskokin 'yan'uwa, sun daina damuwa da yunwar iyalinsu. Sai a yi ta cewa Allah ya shirye shi.

Ɗaya fuskar ta harshe ce. Likita Marsel Mesulam ya bayyana ta a 1982 a Amurka, kuma iri biyu ne a cikinta suka fi alaƙa da wannan ciwo. A iri na farko mutum ya san abin da yake son faɗa amma fitar da shi ya zama dakon dutse. Magana na fita da ƙyar, a kakkarye, ƙananan kalmomin da ke ɗinke zance suna zubewa, "zan je kasuwa gobe" ta koma "kasuwa... gobe". A iri na biyu magana na zuba lafiya lau, ma'anar kalmomi ce ke zurarewa. Ka ce wa uwar gida ta miƙo ludayi, sai ta dube ka ta ce, "Mene ne ludayi?" Akuya da tunkiya da kare duk su koma "dabba", daga baya su koma "abin nan". Ta wannan ƙofa ta harshe duniya ta ji labarin ɗan wasan Amurka Bruce Willis. A watan Maris na 2022 iyalinsa suka sanar ya daina aiki saboda matsalar magana, sai a Fabrairun 2023, yana da shekara 67, suka ce an tabbatar FTD ne. Mutum mai kuɗi da manyan asibitoci a kusa da shi ke nan, shi ma sai da aka ɗauki lokaci kafin a kai ga sunan.

Jinkirin ba na ƙasashe matalauta kaɗai ba ne. A ƙasashen da ake ƙididdiga, yakan ɗauki fiye da shekara uku daga fara alamomi zuwa gano ciwon. Wani bincike na Jami'ar California da ke San Francisco a 2011 ya nuna kusan rabin masu nau'in sauyin hali an fara ce musu wani ciwon taɓin hankali gare su, galibi ciwon damuwa. Kuskuren yana da dalili, don mai damuwa da mai wannan ciwo duk sukan janye jiki su yi shiru. Bambancin shi ne mai damuwa yana shan wahala a ransa, yana kuka, yana ganin laifin kansa. Wannan kuwa ka tambaye shi, zai ce lafiyarsa ƙalau, kuma har zuciyarsa haka yake gani. Na'urar da mutum ke duba kansa da ita tana cikin abin da ya lalace.

Shi ya sa ba a bakin marar lafiya ake gano wannan ciwo ba. Ranar da na raka su asibiti, likitan ya yi wa Alhaji tambayoyin da aka saba: yau wace rana, ina ne nan, riƙe kalmomi uku, cire bakwai-bakwai daga ɗari. Ya cinye kusan duka, ɗan kasuwa ne ai. Da a nan aka tsaya da an sallame mu. Sai likitan ya ce a fita da shi ya sha iska, ya jawo kujera kusa da Goggo ya ce, "Hajiya, ki ba ni labarin Alhaji na shekara goma baya, sannan ki ba ni na yau." Ta yi shiru tana murza bakin mayafi. Matar kirki ba ta tona asirin mijinta, haka aka tarbiyyantar da ita, kuma shekara huɗu tana rufawa. Sai da ya ce mata duk abin da ta ɓoye magani ta ɓoye, sannan ta fara, murya ƙasa-ƙasa: yadda yake kwashe sukarin gida da cokali, yadda ya riƙe hannun 'yar aiki, yadda ya ba wani baƙo a waya kuɗin dila uku na atamfa. Ta fi minti arba'in tana magana tana share ido. Wannan zaman ya fi duk wani hoto da aka ɗauka daga baya amfani. Duk iyalin da za su kai irin wannan mara lafiya asibiti, su tafi da wanda ke kwana da tashi da shi, su nemi ganin likita a bayan idonsa, in da hali su rubuta abubuwan da suka faru da lokacin da kowanne ya fara.

Da aka dawo da Alhaji, gwajin ya sauya salo. Aka ce ya kawo sunayen dabbobi iya yawan da zai iya cikin minti ɗaya, ya kawo biyar ya tsaya yana maimaita raƙumi. Aka ce idan likita ya buga tebur sau ɗaya shi ya buga sau biyu, idan ya buga biyu kada ya buga. Ya faɗi dokar da bakinsa daidai, amma hannunsa ya ƙi tsayawa. Aka tambaye shi ma'anar "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa", ya ce ai wuta tana ƙona gashi.

Bayan wannan sai a kore cututtukan da ke kwaikwayonsa, kuma wannan mataki ba abin wasa ba ne, don wasunsu suna warkewa. Ana gwada jini a duba ƙanjamau da tunjere, don dukansu suna iya hawa ƙwaƙwalwa su sauya hali. Ana duba ƙarancin bitamin B12 da aikin tayirod, wato ƙullutun wuya da kumburinsa ke kawo maƙoƙo, a tambayi tarihin giya da ƙwayoyi. Sai hoton kai, MRI in an samu, in ba hali CT ma yana taimakawa. Ƙari da ya tsiro a bayan goshi, ko jinin da ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa daga babur, ko ruwan da ya yi yawa a ƙwaƙwalwa, duk suna iya kawo irin wannan sauyi, kuma tiyata na iya raba mutum da su. Idan FTD ne, hoton kan nuna goshi da gefe sun motse, sau da yawa ɓari ɗaya ya fi ɗaya. A farkon ciwo hoton na iya fita ba wani abin a zo a gani, sai a sake bayan shekara. Manyan cibiyoyi suna ƙarawa da hoton PET mai nuna inda ƙwaƙwalwa ta rage cin sukari, da gwajin ruwan laka don kore cutar Alzheimer. Tabbaci na ƙarshe kuwa hanya biyu gare shi: duba ƙwaƙwalwa bayan mutuwa, ko samun ƙwayar gadon da aka san tana haddasa shi.

Maganar gado tana da nauyi, gara a faɗe ta yadda take. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon akwai wani a danginsu da ya yi makamancinsa, kuma kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari gadonsa suka yi kai tsaye. Ƙwayoyin gado uku ne suka fi yawa: MAPT da aka gano a 1998, GRN a 2006, sai C9orf72 a 2011. Wanda ke ɗauke da ɗaya daga ciki, kowane ɗa nasa yana tsakanin samu da rashi, rabi da rabi. Ta ukun ita ce kuma ke haɗa wannan ciwo da ALS, ciwon da ke kashe jijiyoyin motsi har hannu da ƙafa da harshe su shanye. A gida ɗaya sai ka ga wa ya yi sauyin hali, ƙanwa ta yi shanyewar jiki, ba wanda ya haɗa biyun. Don haka likita zai tambayi kakanni da kawunnai, har da wanda aka ce ya haukace da girma ko aljanu sun shanye masa ƙafa. Amma mafi yawan masu ciwon ba gadonsa suka yi ba, kuma zalunci ne a mai da shi dalilin fasa auren 'ya'yan gidan. Gwajin gado shawara ce ta baligi shi da kansa, bayan an zaunar da shi an yi masa bayani, ba a yi wa yara.

To, magani fa? Har yau babu wanda ke tsayar da ciwon ko ya mai da abin da ya lalace. Ana gwaje-gwaje, musamman kan masu ƙwayar GRN, amma duk wanda ya ce yana da maganin warkewa a kwalba kuɗinku yake so. Abin da ya fi damuna shi ne magungunan da ke ƙara dagula lamari. Donepezil da ake ba masu Alzheimer ba ya aiki a nan, don sinadarin da yake ƙarawa ba shi ne ya yi ƙaranci ba, wasu ma yakan ƙara musu fitina. Memantine an gwada shi a Amurka, sakamakon da ya fito a 2013 bai nuna amfani ba. Magungunan kwantar da masu taɓin hankali irin su haloperidol da chlorpromazine, waɗanda su ne suka fi sauƙin samu a wurarenmu, masu wannan ciwo ba sa jure musu: jiki ya sandare, tafiya ta gagara, haɗiya ta yi wuya. Tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa sababbin magungunan wannan aji suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa, daga baya ta haɗa da tsofaffin magungunan ma. Ba a ba da su sai in akwai barazana ga rai, kaɗan, na ɗan lokaci, a hannun likita. Diazepam da ake saya a kemis don a samu ya yi barci yakan ƙara ruɗewa da faɗuwa. Waɗanda aka ga suna ɗan rage ci ba ƙoshi da naci da saurin fushi su ne wasu magungunan damuwa, kamar sertraline da citalopram, da trazodone wanda wani ƙaramin gwaji a Faransa ya nuna amfaninsa a 2004. Su ma likita ne zai auna.

Babban aikin a gida yake, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce mai wuyar haɗiya: a daina gardama da shi. Nasiha da faɗa da tara dattawa a yi masa taro duk suna bukatar linzamin da ya riga ya tsinke. Gidan ake gyarawa. Goggo ta koma kulle sito, ana zuba masa abinci a ƙaramin kwano shi kaɗai, tukunya ba ta zama a inda zai gani. Aka karɓe mukullin mota, aka ce masa motar tana wurin bakanike, ta yi ta zama a can. Katin banki da wayar da ke da manhajar banki suka koma hannun babban ɗansa, ana ba shi 'yan canji a aljihu don kada ya ji an tsiraita shi. Aka bi masu shagunan unguwa aka gaya musu ba shi da lafiya, duk abin da ya ɗauka su rubuta za a biya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani bincike a San Francisco a 2015 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na masu nau'in sauyin hali sun aikata abin da doka ke ɗauka laifi, kamar ɗauke kaya a kanti ko karya dokar tuƙi, alhali a masu Alzheimer kashi 8 ne. A wurin da ihun ɓarawo ke iya tara jama'a cikin minti ɗaya, sanar da maƙwabta da sa masa takardar asibiti a aljihu na iya zama abin da zai tsirar da ransa. Idan kuma an ga alamar sakin hannu ga mata ko yara, kada kunya ta hana a ɗauki mataki: ba a barinsa shi kaɗai da su.

Nacin nan nasa ma ana iya juya shi ya zama abokin aiki. Alhaji ya kasance kullum ƙarfe tara sai ya nufi ƙofa zai tafi kasuwa, a yi ta kokawa. Sai Goggo ta sa aka kawo ragowar yadi daga tsohon shagon, ta shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya zauna ya warware, ya auna daga hanci zuwa ɗan yatsa, ya ninke tsaf, kusurwa kan kusurwa, ya jera. Idan ya shiga cin abinci sai ta warware su ta mayar. Hannun bai manta sana'arsa ba har bayan da baki ya daina magana. Masu matsalar harshe kuma ana taimaka musu da gajerun jimloli, tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, da ɗan littafi mai hotunan buta da kofi da banɗaki da fuskokin 'yan gida, su nuna da yatsa.

Ɗauri da mari ba su da gurbi a nan. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2019 kan yadda ake ɗaure masu larurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a wurare daban-daban a Najeriya, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare mutuncinsu. Ta fuskar addini ma akwai sauƙi da mutane ba sa nema. Hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, ciki har da wanda hankalinsa ya gushe, sananne ne, kuma littattafan fiƙihu suna da babi guda kan hana wanda ba ya iya tasarrufi taɓa dukiyarsa da naɗa masa waliyyi. Matsalar ita ce mai wannan ciwo ba ya kama da wanda hankalinsa ya gushe, yana gaisawa, yana lissafi. Don haka sakin da ya furta, da gidan da ya sayar, da kyautar da ya yi, da azumin da ya karya, a kai su gaban malami ko alƙali tare da takardar likita, kada a yanke hukunci a zaure. Har yau ina tunanin amaryar nan da aka ɗora wa laifin asiri ta fita da baƙin jini, alhali ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Abin da ya shafi dukiya da wasiyya da wanda zai riƙe ragamar gida a yi shi da wuri, tun yana iya sa baki.

Mai jinya ita ma marar lafiya ce da ba a rubuta wa kati ba. Bincike ya sha nuna masu kula da irin waɗannan sun fi masu kula da mai Alzheimer shiga ƙunci, kuma dalilin a fili yake: kana wahala a kan mutumin da ba zai taɓa nuna ya gani ba, ga ƙuruciyar 'ya'ya, ga kuɗin shiga ya tsaya. Dangin da ke zuwa ranar Juma'a su ce "ai da sauƙi, har ya gane ni" su koma gida, gara su karɓe ta na wuni ɗaya ta je ta yi barci. A gaya wa yaran gidan gaskiya daidai hankalinsu, cewa Baba bai daina son su ba, wurin da ke nuna so ne ya kamu.

Ciwon yakan ɗauki shekara shida zuwa goma sha ɗaya daga farawarsa, in ya haɗu da ALS kuma bai cika wuce uku zuwa biyar ba. A ƙarshe fitinar kan lafa, mutum ya yi shiru, tafiya ta gagara, fitsari da bayan gida su kuɓuce. A nan hankali ke komawa kan haɗiya, don abinci da ruwa sukan bi ta hanyar iska su haifar da ciwon huhu, wanda shi ne ajalin da yawansu. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, a ba shi da ƙaramin cokali, abu mai kauri irin kunu ya fi ruwa tsululu sauƙin haɗiya, kada a kwantar da shi nan take. A dinga juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, masu gashin ƙashi su koya wa 'yan gida yadda ake motsa gaɓoɓi.

Alhaji ya rasu yana da shekara 61, da ciwon huhu, a ɗakin Goggo. Ɗan ƙanen nan nasa da ya kunyata ranar sadakar uku ya shekara huɗu ba ya taka gidan. Bayan an dawo daga asibitin koyarwa ne babban ɗan Alhaji ya je har shagonsa da hoton MRI a cikin ambulan, ya ɗaga shi a hasken rana ya nuna masa inda goshin ya motse. Bai ce komai ba a ranar. Ranar Juma'ar da ta biyo baya ya zo da sabulu da reza, ya ce wa Goggo, "Inna, kawo ruwan, ni zan yi wa Baba wanka." Shi ya ci gaba da yi masa wanka da aski duk Juma'a har shekara uku da wani abu, kuma shi ya shiga kabari ya karɓe shi.